Waiwaye: Mudun Inna

Rumbu na maigida ne, wannan kowa ya sani. Shi ya yi sharar gona, shi ya yi shuka da noman firi da maimai, shi ya girbe ya ɗaure, kuma shi ke hawa ya zaro dami idan na ƙasa ya ƙare. To amma daga sa'ar da damin nan ya dira a tsakar gida, magana ta bar hannunsa. Ko damin zai yi kwana biyu ko zai kai huɗu, ko yaran gida za su kwanta a ƙoshe ko su kwana suna juyi a tabarma, wannan lissafi wata ce ke yin sa, kuma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Mu da muka tashi a gidajen gandu mun san ta. Wasunmu Iya suke ce mata, wasu Gwaggo, wasu Umma. Tamu Inna ce.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dambatta da Kazaure, ƙasa mai yashi wadda gero da wake da gyaɗa suka fi so. Can aka kai Inna aure tana ƙaramar yarinya, can ta tsufa, can aka binne ta. Haihuwarta 12, takwas suka rayu, mata biyar maza uku. In ka haɗa da 'ya'yan abokiyar zamanta, da na ƙannen mijinta da ke noma gandu ɗaya da shi, da 'yan riƙo, da almajirin da ke kawo ƙoƙonsa kowane dare, ranar girkinta bakunan da ke jiran tukunyarta sun haura 20. Ni kaina ba ita ta haife ni ba, matar wan mahaifina ce. Amma a irin gidajen nan yaro yakan yi wayo sosai kafin ya bambance ɗakin da aka haife shi da ɗakin da yake kwana.

Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Wannan karin magana bai hau kan Inna ba, domin ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce kuma farkon tashi. Mai karatun da ya saba sayen gari a leda, bari in tuna masa nisan da ke tsakanin dami da malmala. Sai an yi sussuka, an shiƙe a iska an raba tsaba da ƙaiƙayi. Sai an yi surfe, an bakace dusa, an wanke, an baza ya tsane. Sannan a koma turmi a daka, a tankaɗe, a mai da tsaki a yi ribɗi, ko kuma a durƙusa gaban dutsen niƙa. Duk wannan ba a ko hura wuta ba. Bayansa ga talge, ga tuƙi da muciya, ga kwasa da mara, ga miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa tana jiran kaɗi. Fura kuma dakanta daban ne, da rana tsaka. Haka yau, haka gobe, da goyo a baya, wani lokacin da wani cikin a gaba. Da injin niƙa ya iso garin da ke kusa da mu, matan gidanmu sun yi ta sa wa wanda ya kawo shi albarka, su da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Gaskiya ne tuwon dakan hannu ya fi garɗi, amma ban taɓa jin macen da ta ƙare ƙuruciyarta tana dakansa ta yi kewar taɓarya ba, kuma ina ganin ita ta fi cancanta a saurara.

Sai dai ƙarfin damtse duk matan ƙauyen suna da shi. Abin da ya fifita Inna awo ne. Tana da wata tsohuwar ƙwarya da gyartai ya ɗinke wuri biyu, ita ce mudunta. Ta san ƙwarya nawa ke riƙe gidan ran da maza suka wuni a gona, ta san nawa ran da ake zaman rani, ta san yadda za ta sa tuwo ya isa in an yi baƙon dare ba tare da baƙon ya ji motsin turmi ba. Kuma duk sanda ta auna tsaba, kafin a kai surfe, sai ta sa hannu ta ɗebi tafi guda ta shige ɗaki da shi. Akwai wani tulu a bayan gadonta, can yake zuwa. Babu cikin da ya taɓa jin rashin tafin nan. Amma idan marka ta sauka, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, geron gona ya fid da kai bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, a lokacin ne za ka ga tuwon gidanmu bai yanke ba. Mu yara ba mu san dalili ba. Baffa, mijinta, ya sani, bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yau irin wannan ilimi na tattali har a jami'a ake koyar da shi, kuma ya cancanta. Abin da ke damuna shi ne, idan muna ba da labarin yadda Arewa ta ci da kanta, sai mu ambaci manomi da garmarsa da dalar gyaɗa, mu tsallake wadda ta sa abin da aka noma a wata huɗu ya ja har wata 12.

Dalar gyaɗar Kano ta shiga hotuna, kowa ya san ta. Gyaɗar da ba ta hau jirgin ƙasa zuwa Ikko ba fa? Ita ce ta faɗa hannun su Inna. Ta soya ta, ta murje, ta daka, ta matse mai da ruwan zafi, ta mulmula tunkuza ta soya ƙuli-ƙuli. Da bazara in ɗorawa ta nuna, ta sayi kalwa ta dafa wuni da kwana, ta surfe, ta wanke, ta rufe da ganye har ta yi, ta kirɓa daddawa ta shanya. Da dare bayan kowa ya ci, ta jawo mazari da alli ta yi kaɗi a hasken aci-bal-bal, zaren ya tafi wurin masaƙa. Ba ta zuwa kasuwa, domin matan aure a yankinmu a kulle suke, kasuwar ce ke zuwa wurinta da ƙafar yara. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma fitar da littafinta a 1972, ta ja hankalin masana ga yawan cinikin da ke gudana a bayan katanga tsakanin matan da ba a ganinsu a waje. Mu a cikinsa muka tashi, shi ya sa ba mu gan shi ba. Kuma yana da tasa hasarar: farantin talla ya hana yayyenmu mata da yawa zama a aji, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Riba ba ta kwana a hannun Inna tana kuɗi. Kwabo ya zama kaza, kaji su zama akuya, awaki su zama tunkiya. Wani kason ya tafi adashi, wani ya tafi biki, domin abin da ka kai wa ƙawa ranar sunanta, ranar naka sai ta ninka ta dawo da shi. Sauran ya zama kwalla da langa da tasa, ana tarawa tun yarinya tana rarrafe. Babu 'yarta ko 'yar riƙonta da ta shiga ɗakin miji tana sunkuyar da kai.

Da kaka kuma, daidai lokacin da hatsi ya fi araha, sai mai unguwa ya zagayo da maganar haraji. Gidan da ba kuɗi a hannu dole ya sayar da dami a wulaƙance, ya dawo da damina ya saye shi da tsada. Sau da yawa Inna ce ke toshe wannan ɓaraka. Takan kwance bakin zani ta ce wa Baffa, "Malam, ga wannan. Amma fa rance ne." Shi kuma ya ce, "Na ji, Allah ya yi albarka." Kuma yakan biya, domin dukiyar mace tata ce, addini ya faɗa, al'ada ta yarda. Sanda Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano a 1979, maza ne suka yi ta murna a dandali, amma awakin mata ne suka samu lafiya.

Sai mu zo kan 1973. Tun daminar 1972 ruwa ya yi gardama, ta 1973 kuwa ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. A shekarar ce kuma aka canja kuɗi, fam da sule suka koma naira da kwabo, ko da yake Inna har ta bar duniya sule take ce wa kwabo 10, naira 2 kuma fam. Shanun Fulani suka yi ta faɗuwa a hanya. Mutane suka yi ta gangarowa daga Nijar da 'ya'yansu da ragowar dabbobinsu. Tsofaffin gari suka fara ambaton Kakalaba, yunwar 1914, da ƙaramar murya. Mazan gidanmu suka tafi ci-rani Kano tun lokacinsa bai yi ba, aka bar mutum ɗaya ya kula da zaure. Gida ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi, da Inna a tsakiya.

Tafasa da rama da zogale, waɗanda a da ake kwaɗawa don marmari, suka zama su ne abincin, gari kuwa ɗan barbaɗe. Dusar da ake ba awaki ta koma tukunya. Garin kwaki ya zo daga kudu, muka koyi shan sa. Awakinta suka yi ta tafiya kasuwar Dambatta ɗaya bayan ɗaya, a kuɗin da bai kai ya kawo ba. Tuwo ya koma sau ɗaya, kuma ta ce lallai da dare, domin yaro yana iya wasa da yunwa amma ba ya iya barci da ita. Duk da haka akwai tuluna biyu da ta liƙe bakinsu da laka, ɗaya irin gero, ɗaya irin wake gauraye da toka don ƙwari. Wani dare ƙanin Baffa ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, a fasa tulun nan mana, yara sun galabaita." Ta yi shiru, sannan ta ce, "In mun ci yau, ran da ruwa ya sauka me za mu ba ƙasa?" Ba a fasa ba. Da ruwan shuka ya sauka a 1974, gidanmu yana cikin waɗanda suka fita washegari, har aka sam wa maƙwabta iri.

Rabon tuwo yana da tsarinsa: akushin zaure, kwanon tsofaffi, na yara maza, na 'yan mata, ƙoƙon almajiri. Nata shi ne abin da ya rage, kuma a shekarar nan ƙanzo ne ke ragewa. Takan jiƙa shi ta ce ita dama ta fi son sa. Kusan kowannenmu yana da uwar da dama ta fi son ƙanzo, ko wuyan kaza, ko wadda kullum ta riga ta ci tun a madafa. Yara suna yarda da irin wannan magana, don a yarda aka yi ta.

Ba a gama farfaɗowa ba sai cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ta tsugunar da ita a gona, kuma daga nan noman bai sake komawa yadda yake ba. Babbar sana'ar Inna ta karye. Ta koma ɗanwake da ƙosai, ta fara tara awaki daga farko.

Huɗun da ba su rayu ba, ba ta taɓa cire su daga lissafi ba. In aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, 12 take cewa, sannan ta ce takwas suna nan. Biyu daga ciki ƙyanda ce ta ɗauke su a bazara ɗaya. Al'adarmu ba ta son uwa ta yi kururuwa. A ce mata Allah ya ba da haƙuri, ta ce amin, washegari tana bakin murhu, domin sauran ba su daina jin yunwa ba. Ina jin wannan tabo ne ya sa a ƙarshen shekarun 1960, da ma'aikatan lafiya suka zo yin lambar agana da allurar ƙyanda, lokacin da wasu gidaje ke ɓoye yara a rumbu da bayan danga, ita ta tattaro na gidanmu kaf, nata da na wasu, ta sa aka kai mu layi. Agana yau babu ita a duniya. Ƙyanda kuwa tana nan tana cin yara a ƙauyukanmu, alhali allurarta kyauta ce, kuma wannan abin baƙin ciki ne ƙwarai.

Kowace haihuwa da wankan jegonta na kwana 40: tafasasshen ruwa da ganyen runhu safe da yamma, da kunun kanwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Ta yi imani da shi, ta kuma yi wa 'ya'yanta. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa yawan kanwa da tsananin zafin nan suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka ba duk abin da iyayenmu suka yi za mu ɗauka ba. Amma a cikin al'adar akwai abin da bai kamata ya bi ruwa ba. Kwana 40 mai jego ba ta daka, ba ta girki, ana dafa mata ana kawo mata. Shi ne kaɗai hutun da Inna ta sani a ƙuruciyarta. Yanzu a garuruwa mace kan haihu, kafin suna ta koma murhu, babu gwaggo babu kaka a kusa.

Ɗan Inna na fari a ɗakin kakarsa ya girma. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in ya shigo ta sami abin da za ta yi a wani gefen. "Yaron nan" shi ne iyakarta. Amma ran da zai tafi Kano koyon ɗinki, ta raba dare tana soya ƙuli-ƙuli da dakan yaji, da asuba ta miƙa wa abokiyar zamanta ta ce ta ba shi, kada ta ce daga ina. Yanzu matasa suna rubuta wa iyayensu mata kalaman ƙauna a Facebook, kuma abin yana burge ni. Roƙona ɗaya, kada su ɗauka cewa inda ba a furta ba babu. Ita abokiyar zaman, ba zan ce ba su taɓa saɓawa ba. Kishi kumallon mata, akwai makon da gaisuwa ma da ƙyar. Sai dai babu yaron da ya taɓa gane ana faɗa daga girman malmalarsa.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa, aka gina aji biyu a bakin garinmu. Autar Inna mace ce, kuma ita kaɗai ta rage mai ɗaukar mata talla. Baffa bai ga amfanin bokon mace ba. Inna ba ta yi masa gardama a gaban mutane ba, ba halinta ba ne. Ran girkinta ta ce, "Malam, yayyenta duk sun yi mini talla. Wannan a bar ta ta yi karatu." Ta san cinikinta zai ragu, ya kuwa ragu. Autar nan ita ce ta zama ma'aikaciyar lafiya, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin karkara.

A 1949 da 1950 wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta rena, amma ta bakinta duniya ta ji yadda macen karkara ta ƙasar Hausa ta rayu tun kafin zuwan Turawa. Fiye da shekara 70 ke nan, kuma irin littafin bai yi yawa a wurinmu ba. Muna da tarihin sarakuna da malamai da attajirai da 'yan siyasa. Matan da suka fid da gidaje daga yunwar 1973 kuwa suna ta tafiya da abin da suka sani a cikinsu. Ga waya mai ɗaukar murya a aljihun kowa. Wanda Allah ya bar wa tsohuwa a gida, ya zauna kusa da ita bayan magariba ya tambaye ta yadda ake gane daddawa ta yi, da abin da suka ci shekarar da ruwa ya ƙi, da sunayen 'ya'yan da ta binne. Za ta yi ta nonnoƙewa da farko, sannan ta buɗe.

Kada kuma mu ɗauka irin su Inna sun ƙare. Suna nan da yawa, wasunsu a halin da ya fi na 1973 muni. A Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun ƙone rumbuna, sun kore awaki, sun tarwatsa ƙauyuka, uwaye masu 'ya'ya takwas da goma suna raɓe a kangaye da azuzuwan firamare a Gusau da Anka da Batsari. Fari yakan bar wa mace ɗakinta da tulunta da maƙwabtanta. Wannan masifa ba ta bar mata ko ɗaya ba. Buhun shinkafar agaji yana da kyau, amma macen da ta san awo, in ta sami zaman lafiya da akuya biyu da ɗan jari, ita da kanta za ta tayar da gidan.

Inna ta tsufa da hankalinta, tana tsokanar jikoki maza da mazajenta marowata, matan kuma kishiyoyinta. 'Ya'yanta na birni sun matsa ta koma Kano. Ta je, ba ta daɗe ba ta ce a mai da ita, gidan da ba turke ba rumbu ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Da kaka ta rasu, an gama ɗaurin gero.

Da aka zo rabon gado, kayan ɗakinta ba su taka kara sun karya ba: zannuwa, 'yan kwanuka, carbi, tumaki uku a turke. Malamin da ke rabon ya ɗauka kafin azahar an gama. Sai mata suka fara sallama. Wannan ta ce akwai akuyar Inna a wurinta, an ba ta kiwo shekarar da mijinta ya rasu, yanzu sun zama huɗu. Waccan ta ce jarin ƙosanta na Inna ne. Wata Bafillatana ta taso daga ruga da kuɗi ƙulle a bakin mayafi, bashin geron wata damina. Babu takarda, babu shaida, kuma cikin 'ya'yanta babu wanda ya san da ko ɗaya. Dole aka ɗage rabon sai bayan arba'in. Da aka gama tattara lissafi, ɗan farin nan ya tara 'yan'uwansa a zaure ya roƙe su su yafe kasonsu na awakin da ke hannun matan da mazansu suka rasu. Duka suka yarda, aka aika wa kowace cewa abin da ke turkenta ya zama nata.